Goman Da Ta Ɓace A Tukunyar Baba

Ranar da sabon mai kawo iska ya fara shigowa gidan, Auta ba ta ma kalli fuskarsa ba. Idonta yana kan agogon da ke maƙale a kan tukunyar iskar mahaifinta, mai 'yar allura ja a ciki.

Baba, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. Ya yi shekaru yana shaƙar ƙurar katako har huhunsa ya gaji. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce shi da iskar oksijin ba rabuwa: roba a hanci, tukunyar ƙarfe a gefen gado. Yayyen Auta maza biyu suna aiki a nesa, sai dai waya. Mama kuwa tsoron tukunyar take yi kamar maciji, ko shara take sai ta kewaye ta. Don haka Auta ta ajiye aikinta a shagon ɗinkin labule, ta jawo kujerar roba gaban agogon, ta zauna.

Da can wani tsohon direba ne ke kawo tukunyar kullum da rana, ya ɗaura ya tafi, ba um ba um-um. Wannan sabo ne. Ya mirgino cikakkiya, ya gaishe da Baba a ladabce, ya sauya, sannan ya tsaya yana goge hannu.

"Ƙanwata, irin kallon da kike wa allurar nan, ai sai ta ji kunya ta ƙi motsi."

"Gara ta ƙi," in ji Auta.

"Me kike jira ta yi?"

"Ta faɗi ƙasa ban sani ba."

Sai a nan ta ɗaga kai. Dogo ne, siriri, rigar aikinsa ta yi masa yawa a kafaɗa, da guntun alli a bayan kunne. Bai yi mata dariya ba. Ya zaro allin ya durƙusa.

"Cikin tukunyar nan lita ashirin ne. Allura tana kan ɗari da hamsin, wato an danna iska a ciki ninki ɗari da hamsin na matsin wadda ke cikin ɗakin nan. Ashirin sau ɗari da hamsin?"

"Dubu uku."

"Lita dubu uku ke nan in aka sake ta. Baba yana shan biyu a minti ɗaya."

Ta lissafa, bakinta yana motsi. "Awa ashirin da biyar."

"Kin gani. Kuma a hankali take sauka, ba ta san gaggawa ba."

Ya rubuta a kafaɗar tukunyar: PV = nRT. Ya ce P matsi ne, V girman ciki, n yawan iskar kanta, da ake aunawa da wani ma'auni wai shi mol. "Wannan T ɗin kuwa zafi ne, shi ma yana da nasa..."

Tari ya sarƙe Baba. Auta ta zabura ta tallafo shi, maganar T ta tsaya a nan.

Da tarin ya lafa, Baba ya dubi baƙon ya ce, "Mai Tukunya, ka riƙa zama kaɗan in ka zo. Yarinyar nan ta fi ni zama mara lafiya."

Sunan ya bi shi a gidan. Ita dai Malam Lissafi ta sa masa a wayarta, shi kuma ya sa mata Mai Gadi. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai, yana aiki a inda ake cika tukwanen, kuma shi ya roƙa a bar masa layin unguwarsu bayan zuwan nan na farko. Wannan sai daga baya ya faɗa mata.

Sanin lissafin bai fitar da Auta daga ɗakin ba. Duk ranar da ta ɗauko mayafi, Mama za ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina za ki?"

"Bakin titi kawai, Mama. Akwai saura awa goma."

"In ta yi wani abu fa? Ni me na sani a ciki?"

Sai ta ninke mayafin ta koma. Ta haddace ɗakin kaf: tsagar bango a saman ƙofa, tagar mai ƙarafa huɗu, sautin iskar da ke wucewa ta cikin 'yar kwalbar ruwa tana ɓulɓul dare da rana. Ba a kunna ko ashana a ɓangaren. Duniyarta ta waje ita ce abin da tagar ta yarda ta gani: mai facin taya a tsallaken titi, da rabin allon wani kantin magani. Ƙawayenta sun zo, sun zo, sun gaji.

Saƙonninsa ne suke shigowa ba sai an buɗe musu ƙofa ba.

"Mai Gadi, allura nawa?"

"Casa'in."

"Ke fa, nawa?"

"Ni ba ni da agogo a ka."

"Da akwai, da na karanta. Yau na ga allurarki ta kusa ƙasa."

Wata rana ya rubuto: "Na cika tukwane da yawa yau, amma ta gidanku kaɗai na goge wa jiki. Abokan aikina sun ce ko sonta nake. Na ce a'a, mai gadinta."

Ta karanta, ta kife wayar a cinya, ta sake ɗagowa ta karanta. Baba, da ake zaton barci yake, ya ce, "In abin dariya ne a ba mu mu ma."

Ta amsa saƙon da yamma: "Mai gadi ba ta barin bakin aiki, Malam Lissafi. Ka nemi wadda ke iya fita."

"Zan jira a canza ki," ya ce.

Da ya yi maganar turo manyansa, Baba ya yi murmushi ya ce Allah ya tabbatar da alheri. Da ya tafi, Mama ta juyo kan Auta.

"Gidansu yana can ƙarshen gari. In ya ɗauke ki, wa zai zauna a kujerar nan?"

Akwai wanda Mama ta fi so, ɗan mai gidan da suke haya. Yana da shagon sayar da fenti, yana zaune a saman benen, ba shi da hayaniya, kuma duk abin da ya lalace a gidan shi ke gyarawa. Ya daɗe yana gaishe da Auta gaisuwa mai tsawo.

"Bene ɗaya za ki hau," in ji Mama. "In na ƙwanƙwasa rufi da sandar tsintsiya kin ji."

Ana cikin haka zafi ya shigo sosai. Aka yi ranar hutu da ba za a kawo kaya ba, sai Mai Tukunya ya zo da biyu tun jajibiri, da tsakar rana, daga bayan mota suna ƙuna kamar an gasa. Ya ɗaura agogo a kan kowacce a gaban Mama. Mama ba ta yi makaranta ba, amma ta san lambobi.

"Ɗari da hamsin, Mama. Wannan ma ɗari da hamsin."

Ya haɗa ɗaya, ya rufe ɗayar ya jingine ta a kusurwar ɗaki mai sanyi, ya bar musu agogo na biyu.

Washegari da safe Auta ta buɗe ta ajiyar don ta duba. Allura ta tashi, ta tsaya a ɗari da arba'in.

Ta ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ba ta motsa ba.

Mama tana tsaye a bayanta. "Jiya nawa ya ce?"

Auta ta sake ƙwanƙwasa gilashin.

"Ba wanda ya taɓa ta. Ina goma ta tafi?"

Ɗan mai gida ya sauko da ya ji magana. Ya shafa kumfar sabulu a wuyan tukunyar, ba ta yoyo. Ya girgiza kai. "Ni dai ban ce shi ba ne, Mama. Amma na ji ana cewa wasu suna rage kaɗan-kaɗan, su tara su cika wata."

Mama ta juyo kan Auta. "Ke da kika iya lissafi. Goma, awa nawa ne na numfashin ubanki?"

Auta ba ta so ta lissafa ba, amma kanta ya riga ya yi. Goma sau ashirin, ɗari biyu. A raba biyu, minti ɗari. Da lissafin da ya koya mata da bakinsa.

"Ya fi awa ɗaya da rabi," ta ce a hankali.

A ranar Mama ta sa aka kira wurin aikinsu, ta ce a dawo musu da tsohon direba. Auta ta rubuta masa layi ɗaya: "Goma ta ɓace a tukunyar da ka ce cikakkiya ce. Kada ka ƙara kirana." Saƙonni suka yi ta shigowa. Ba ta buɗe ko ɗaya ba, ba ta kuma goge ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da bambanci da juna. Tsohon direba ya zo, ya ɗaura, ya tafi. Rubutun alli ya daina zuwa a kafaɗar tukwane. Ɗan mai gida ya fara zama a falo da yamma, yana ba Mama labarin kalar da zai shafa wa ɗakunan sama. Auta tana jin su ta bango. Ta ɗaga kai ta kalli rufin, ta ga cewa ɗakin da ake maganar yana daidai saman kujerarta, taga iri ɗaya, mai faci ɗaya a tsallake.

Wata safiya Mama ta ce, "Me zan ce wa ɗan mai gida?"

"Duk abin da kika ga dama, Mama."

Da Mama ta fita, Baba ya miƙo hannu ya taɓa gwiwarta.

"Auta. Yaron nan ya yi magana?"

"Ban buɗe ba."

"Ni kafinta ne. In ƙofa ta ƙi rufuwa ba na korar wanda ya kawo katakon sai na tambaye shi. Karanta mini."

Ta buɗe na farko.

"Mai Gadina, ba abin da ya ɓace. Kin tuna T ɗin da ban ƙarasa ba? Iska in ta ji zafi tana ƙara dannar bangon tukunya, in ta huce ta sassauta. Yawanta yana nan."

Na biyu lambobi ne.

"Yawan iska n = PV ÷ RT. R kullum 0.083. Zafi kuma ana ƙara masa 273. Jiya a bayan mota tukunyar ta kai 45, ya zama 318. 150 × 20 ÷ (0.083 × 318) = mol 113 da ɗoriya. Yau a ɗakinku 25 ne, ya zama 298. 140 × 20 ÷ (0.083 × 298) = mol 113 da ɗoriya. Ki buga da kanki, kada ki yarda da ni."

Na uku gajere ne.

"Laifina ɗaya, na nuna wa Mama allura tukunya tana da zafi. Ta safe ce ta gaskiya, da ita ake lissafin awoyi. Da na faɗa tun farko. Ki ba ta haƙuri."

Sauran duk abu ɗaya suke cewa: "Allura nawa?" Na ƙarshe kuma: "Ke fa?"

Auta ta buga lambobin a waya, ta sake bugawa. Ta kife fuskarta a gefen katifa.

"Ya fito?" in ji Baba.

"Ya fito."

"To uwarki ba ta cin lamba. Ki nuna mata da ido."

Da wani hutun ya zagayo, tsohon direba ya kawo biyu, ɗari da hamsin kowacce. Da safe ta ajiyar ta nuna ɗari da arba'in. Auta ta kira Mama ta gani.

"Shi ma?" in ji Mama. "Tsoho da furfurarsa?"

Auta ta tashi. Ta mirgina tukunyar zuwa bakin ƙofar baya inda rana ke sauka, ta ajiye wa Mama kujera a inuwa, ta ce, "Ki zauna ki yi gadinta. Kada kowa ya taɓa."

Mama ta zauna nesa-nesa, ta ja zani ta rufe ƙafa. Rana ta ɗaga. Ƙarfen ya ɗauki ɗumi. Can wajen azahar Auta ta ji Mama ta kira ta, da wata murya ƙasa-ƙasa.

Allurar ta hau, ta kusa taɓa ɗari da hamsin.

"Wa ya ƙara?"

"Rana, Mama. In ta huce za ta koma. Iskar tana nan yadda take tun jiya."

Suka mayar da ita inuwa. Mama ta daɗe tana kallon hannayenta.

"Na ɗauki alhakin yaron nan," ta ce. "Ba ɓarawo ba ne. Na ma so ya zama ɓarawon, Allah ya yafe mini." Sai hawaye. "Ni ban iya ba, Auta. In kika tafi, ubanki ya tafi a hannuna ina zaune ina kallo ban san me allurar ke cewa ba, ina zan sa kaina?"

Daga ciki Baba ya ƙwanƙwasa gefen gado da zobensa, kamar yadda yake yi in yana kira.

Suka shiga. Ya nuna kujerar roba. "Maman yara, zauna nan."

"Malam, ka san ni da abin nan..."

"Na sani. Tun ranar da aka kawo ta kika daina zama kusa da ni. Kina leƙowa daga ƙofa kamar mai bin bashin gaisuwa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ni ke na aura, ba ita ba. Ki zauna."

Mama ta zauna a bakin kujerar, rabin jikinta a waje.

Auta ta durƙusa kusa da ita. Ta riga ta taƙaita lissafin a ranta. "Mama, manta da haruffan nan duka. A tukunyar nan, yadda Baba yake sha, duk shida a agogo awa ɗaya ce. Yanzu tana ina?"

"Sittin."

"Shida nawa ne a sittin?"

Mama ta ƙirga a gaɓoɓin yatsu, bakinta yana motsi. "Goma."

"Awa goma ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In ta sauka talatin sai ki shirya ɗayar."

"Wannan ne kuka sa ni tsoro wata da watanni?" Mama ta share ido da gefen zani. "Ai ko kuɗin cefane ya fi wannan wuya."

Ba a rana ɗaya ta iya ba. Sauya tukunya ya ba ta wahala, sau biyu tana jefar da sifana ta ce ba za ta iya ba. Baba yana kwance yana tsokanarta: "Ɗaure sosai, ba kunnen jikanki ba ne." Har ranar da ta sauya ita kaɗai, iska ta ci gaba da ɓulɓul a kwalba, ta juyo ta ce wa Auta, "Me kike tsaye kina yi? Ɗauki mayafinki."

Auta ta fita. Hasken ya sa ta runtse ido. Ta tsallaka titi, ta ga ashe mai facin taya yana da gurguwar ƙafa, ta ga ɗaya rabin allon kantin magani. Ta tsaya a ƙarƙashinsa ta ciro waya.

"Malam Lissafi, an canza ni."

Amsa ta zo kafin ta sauke hannu. "Kina ina?"

"Waje."

"Kada ki motsa, Mai Gadina. Ko ki motsa, ki yi ta yawo, zan nemo ki."

Da ya iso, da rigar aikin nan mai faɗin kafaɗa, ta ce, "Na zarge ka."

"Da lissafina kika zarge ni, kuma daidai kika buga. Na ji zafi, amma na ɗan yi alfahari."

"Ka yafe?"

"In za ki bar ni in ƙarasa bayanin T."

"Yana da tsawo?"

"Zai ɗauki shekaru."

Mama da kanta ta ba shi haƙuri, a tsaye, ba kwana-kwana. Ta kuma hau bene ta yi wa ɗan mai gida magana. Ya yi kwanaki ba ya saukowa da yamma, amma ranar ɗaurin aure shi ya kama tukunyar ta ƙasa, ango ya kama ta sama, suka fito da ita falo a bayan kujerar Baba.

Yayyen Auta sun zo. Falon ya cika har ƙofa. Da aka gama, aka kawo ango da amarya gaban Baba suka durƙusa. Ya sa hannu zai zare robar hancinsa don maganarsa ta fita sosai.

"Mayar da ita," in ji Mama, tana gefensa, ido a kan agogo. "Casa'in ce, awa goma sha biyar. Yi maganarka a hankali, ba inda za mu."

Aka yi dariya. Baba ya dafa kan Auta, ya dafa na mijinta.

"Mai Tukunya, ka daɗe kana kawo mini numfashi har gida. Ga abin da na fi so a gidan, ɗauki. Ka riƙa barinta tana fita." Ya huta. "Auta, kin yi mini gadi, Allah ya yi miki. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin ƙai, ya sa in zafi ya zo muku ku jira ya huce kafin ku yanke wa juna hukunci."

Aka shafa.

Baba bai ga ƙarshen shekarar ba. Da safe ya cika, tukunya tana da sauran iska mai yawa, Mama tana kan kujerar roba riƙe da hannunsa. Har yau in ta ga lamba a jikin mota ko a ƙofar wani gida, sai ka ga bakinta yana motsi tana raba ta shida.

Auta da mijinta suna can ƙarshen gari, a ɗaki mai babbar taga. Ta koma ɗinkin labule, kuma nata labulen kullum a ɗage yake. Allah ya jiƙan Baba, ya bar su tare, ya albarkaci abin da ke tsakaninsu.